Ciwon Sukari da Tsaron Zuciya

Yau za mu yi magana a kan ciwon sukari, da yadda mai shi zai tsare zuciyarsa. Wanda ya iya karatu ya bi mu da yatsa a cikin littafinsa. Wanda bai ƙware ba tukuna ya kasa kunne, in an tashi ya sa ɗan'uwansa ya maimaita masa.

Da can a kan ce wannan ciwo na attajiran birni ne. Yanzu kuwa ya shiga birni ya shiga ƙauye, ya kama mai kuɗi ya kama talaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 1990 masu ciwon sukari a duniya miliyan 200 ne, amma a 2022 sun kai miliyan 830. Da yawa kuma suna ɗauke da shi ba su sani ba.

Ga abin da mu ke so ku riƙe tun daga farko. Mai ciwon sukari ya kan sa ido ga sukari kaɗai, alhali abin da ya fi kashe masu wannan ciwo shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Maganin wannan kuwa rabinsa yana asibiti, rabinsa yana gida, a cikin akushi da tukunyar miya da tafin ƙafa.

Yadda ciwon ya ke

Ko wane abinci mai gari ko mai zaƙi, kamar tuwo da fura da shinkafa da doya da rogo da burodi, in ya sauka ciki ya narke, sai ya juye ya zama wani irin sukari, ya shiga jini. Wannan ba cuta ba ce, haka Allah ya tsara. Sukarin nan shi ne itacen da ke hura wutar jiki. Da shi manomi ya ke ɗaga garma, da shi mace ta ke ɗaga taɓarya.

Amma sukarin ba ya shiga tsoka da kansa, sai an shigar da shi. A bayan tumbi akwai wata 'yar halitta doguwa, likitoci suna ce da ita fankiriyas. Ita ke fitar da wani ruwa mai suna insulin, shi ne mai wannan aiki. Ku ɗauka motoci sun sauke buhunan hatsi a kan hanya, 'yan dako kuwa su ne masu kaiwa gida gida. In 'yan dako ba su fito ba, ko kuwa sun fito amma masu gidaje sun ƙi buɗe ƙofa, me zai faru? Hatsi ya taru ya tare hanya, mutanen gida kuwa su kwana da yunwa. To, haka ciwon sukari ya ke. Sukari ya yi yawa a jini, jiki kuwa ba ƙarfi.

Manyan irinsa biyu ne. Na farko ya fi kama yara da samari. Jikinsu ya daina yin insulin ɗungum, saboda haka tilas a yi musu allurarsa kullum, muddin rai. Da can yaron da ya kamu da wannan ba ya daɗewa. Sai a 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Likita Banting da mataimakinsa Best suka gano hanyar tatso insulin. A watan Janairu na 1922 aka fara yi wa wani yaro allurarsa, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Na biyu shi ne mafi yawa, don fiye da mutum 9 cikin ko wane 10 masu ciwon sukari shi ke gare su. Jikinsu yana yin insulin, amma ba ya isa, ko kuwa tsoka ta daina jin maganarsa. Ya fi kama wanda ya ba shekara 40 baya, ko da ya ke yanzu ana ganinsa ga matasa. Abin da ke buɗe masa hanya shi ne gado, da teɓa, da yawan zama wuri ɗaya. Akwai kuma wanda ya kan zo wa mace mai ciki, ya tafi bayan ta haihu, amma ya kan dawo daga baya. Wannan yana cikin dalilan da ke sa mu matsa wa mata su je awo.

Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne, ba a kuma ɗaukarsa ta wurin cin abinci tare. Kada a ƙyamaci mai shi. Alamunsa su ne yawan fitsari, musamman da dare, da ƙishirwar da ba ta yankewa, da rama ko da ana ci, da kasala, da gani dishi-dishi, da mikin da ya ƙi warkewa. Wani ma sai ya ga kiyashi sun taru inda ya yi fitsari. Amma fa irin na biyu ya kan yi shekaru ba alama ko ɗaya. Gwajin jini kaɗai ke tona shi.

Ina ruwan zuciya da sukari?

Wanda ya taɓa noman rani zai gane wannan da sauri. Zuciya ita ce injin ban ruwa. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita ne, tana bugawa wajen sau 100,000 ko wace rana, ba dare ba rana. Jijiyoyin jini su ne hanyoyin ruwa, gaɓoɓin jiki kuwa su ne fangali. In hanyar ruwa ta cushe da laka, fangalin da ke ƙarshenta ya bushe, injin kuma ya wahala.

Sukari in ya daɗe da yawa a jini, ya kan cinye santsin cikin jijiya ya bar ta da kaushi. Kitsen da ke yawo a jini sai ya sami wurin maƙalewa, yau kaɗan gobe kaɗan, har hanya ta ƙuntace. Ran nan sai jini ya daskare a wurin, ya toshe ta sarai. In jijiyar da ke ciyar da ita kanta zuciyar ce ta toshe, shi ne bugun zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In ƙananan jijiyoyin ido ne suka lalace, gani ya tafi. Haka ƙoda, haka ƙafa, har ta kai ga yankewa. Ɓarna ɗaya ce, fangali ne daban daban.

Sukari kuwa yana da abokan ta'adi uku, watau hawan jini, da yawan kitse a jini, da taba. Haɗarin ciwon zuciya ga mai ciwon sukari kamar ninki biyu ne na sauran mutane, in kuwa abokan nan sun taru masa sai ya daɗa hawa. Saboda haka wanda ya sauke sukarinsa amma ya bar hawan jini, daidai ya ke da wanda ya kulle ƙofar zaure ya bar katanga a rushe.

Awo huɗu

Ga inda karatunku zai yi muku rana. Ko wane mai ciwon sukari ya sami ɗan littafi, ya ja layi, ya riƙa rubuta kwanan wata da abin da awo ya nuna. Duk ran da zai je asibiti ya tafi da shi. Likitan da ya ga rubutun wata uku ya fi sanin abin da zai yi bisa ga wanda aka ce wa, "Da sauƙi."

Awo na farko na sukari ne, da safe kafin a ci kome. Na lafiyayye ba ya kai 100. In ya kai 126, aka sake ran nan ya sake kaiwa, to ciwon ya tabbata. Wasu na'urori lissafinsu dabam ne, 126 ɗin nan shi ne 7 a wurinsu. Wanda ke kan magani, yawanci ana so nasa na safe ya tsaya tsakanin 80 da 130. Na biyu wani gwaji ne da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata 3 da suka wuce, ga yawancin manya ana so ya zama ƙasa da 7. Na uku awon hawan jini. In ya kai 140 bisa 90 ya hau ke nan, ga mai ciwon sukari kuwa an fi so ya sauko wajen 130 bisa 80. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya yawo da shi ba ko ciwon kai.

Na huɗu ba ya bukatar asibiti. Ku sami igiya, ku auna tsawonku daga tsakar ka zuwa diddige, ku yanke. Ku ninka ta biyu, sa'an nan ku zagaya cikinku da ita daidai wajen cibiya. In bakin igiya ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, teɓa ta yi yawa. Mun saba in mutum ya yi teɓa mu ce ya samu. Kitsen ciki kuwa shi ne ya fi hana insulin aiki.

Sau ɗaya a shekara kuma a duba ido, a gwada fitsari da jini saboda ƙoda, a duba ƙafa. Wanda ba a taɓa gwada shi ba, in ya kai shekara 40, ko akwai mai ciwon a danginsa, ko yana da ƙiba, ya je a gwada shi. Haka matar da ta taɓa haifar jinjirin da ya wuce kilo 4.

Abin da ke cikin akushi

Sau da yawa da an ce mutum yana da ciwon sukari sai 'yan dubiya su yanke masa hukunci, su ce daga yau ba tuwo ba shinkafa, sai wake da acha da alkama. Bawan Allah ya yi wata biyu a kan wake har ya gundure shi, kuɗin acha kuma ya gagara, sai ya watsar da kome ya koma gidan jiya. Ku sani acha da alkama su ma sukari su ke zama a jini. Wanda ya share akushin tuwon alkama bai tsira ba. Abin lura shi ne yawa, da abin da aka haɗa.

Ga awon da ba shi da wuya. A raba kwano huɗu. Kashi biyu ganye da kayan lambu, kamar zogale da rama da alayyaho da yakuwa da kabeji da kuɓewa da gauta. Kashi ɗaya tuwo ko shinkafa ko doya, malmala kamar dunƙulen hannun mai ci. Kashi ɗaya wake, ko kifi, ko ƙwai, ko nama marar kitse. Mun saba tuwo ya yi tsauni miya ta zama ɗan tafki. Mai ciwon sukari sai ya juya, miya ta fi tuwo. Kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli abinci ne na ƙwarai, kuɗinsa kuwa kaɗan ne.

Iyayenmu mata, wannan taku ce. Kada a matsa wa hatsi da surfe. Dusar nan da mu ke zuba wa akuya ita ce ke sa abinci ya narke a hankali, sukari ya shiga jini sannu sannu. Tuwon dawa ko na gero da ba a cire dusarsa duka ba ya fi farar shinkafa, da tuwon shinkafa, da farin burodi, da garin rogo. Kunu da koko su kan hau jini da sauri, saboda haka a sha kaɗan, ba sukari, a haɗa da alale ko ƙwai. Fura ma a dama 'yar kaɗan, nono ya fi yawa, kada a sa sukari.

A ci sau uku a kan lokaci. Wuni da yunwa sa'an nan a cika ciki da dare ya kan sa sukari ya yi tsalle. A zuba wa mai ciwon nasa a kwanonsa, don a taron akushi ba mai sanin lomar da ya yi. Malamai sun sha karanta mana hadisin da ya hore mu da raba ciki uku, na abinci da na ruwa da na numfashi. Likita bai zo da abin da ya fi wannan ba.

Abin sha ya fi abin ci saurin ɓarna. Kwalbar lemo guda ta kan ƙunshi sukari wajen cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce ko lafiyayyen baligi kada ya wuce cokali 12 a wuni, in ya tsaya a 6 ya fi. Zoɓo da kunun aya na sayarwa, da shayin da aka kwarara wa madara mai zaƙi, duk tafiyarsu ɗaya. Ba mu musun albarkar zuma, amma ita da mazarƙwaila da rake duk suna ɗaga sukarin jini. Ruwa shi ne abin shan mai ciwon sukari. Zoɓo da shayi a sha su ba sukari. 'Ya'yan itace ba a hana ba, a ci gwaiba, ko lemo guda, ko yankin gwanda. Lokacin mangwaro a sha ƙarami ɗaya, kada a zauna gaban daro.

Gishiri da mai

Gishiri shi ne babban mai ɗaga hawan jini. Abin da ya kamata ya shiga cikin baligi a wuni bai kai giram 5 ba, watau cokalin shayi ɗaya a shafe, duk da wanda ke cikin miya da yaji da kilishi. Ɗanɗanon dunƙule da a ke marmasawa a miya wajen rabinsa gishiri ne. Wadda ta jefa dunƙule huɗu ta kuma watsa gishiri, ta sa sau biyu ke nan. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce a wajen ɗaga jini, saboda haka mai jego da ke da hawan jini ko ciwon sukari ta bar kunun kanwa. A koma ga daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro. A riƙa ragewa kaɗan kaɗan, cikin 'yan makonni harshe zai saba.

Kitse da man shanu da fatar kaza da tsire mai maiƙo su ke ƙara lakar da ke cushe jijiya. Manja ma a yi hankali da shi. Man gyaɗa ya fi su, amma a auna shi da cokali, kada a tuttula daga kwalba. Dafaffe da gasasshe sun fi soyayye, man da aka yi ta suya da shi har ya yi baƙi kuwa a rabu da shi.

Motsa jiki

Tsokar da ke aiki ta kan buɗe ƙofa da kanta ta ja sukari, ko da 'yan dako kaɗan ne. Kakanninmu sun je kasuwar ƙauye a ƙasa, sun ja guga, sun yi daka. Yanzu inji ke niƙa, babur ke kai mu ko bakin layi ne.

Abin da a ke bukata minti 150 ne a mako, watau minti 30 sau biyar. Tafiya ce mai ɗan sauri, wadda za ta ɗaga numfashi amma ba ta hana magana ba. A taka zuwa masallaci da kasuwa, a hau keke, a riƙe fartanya. Tafiyar minti 10 bayan cin abinci tana da amfani ƙwarai. Matar da ba ta fita ta yi shara, ta yi daka, ta zagaya tsakar gida ita da abokiyar zamanta ko 'yarta. Manomi kuma ya tuna da damina yana aiki, da rani yana gindin bishiya, cin kuwa bai ragu ba. A zaɓi safiya ko yamma, a sha ruwa, a sa takalmi. Tsoho ko wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti 5, ya riƙa ƙarawa. Mai jin ciwon ƙirji ya fara ganin likita.

Kada ku raina wannan. A Amurka an bi mutane fiye da 3,000 waɗanda ciwon ke gab da kamawa, aka ba da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako da rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 80, kilo 5 ko 6 ke nan zai sauke. Ba a ce ya zama sanda ba.

Taba kuwa ba ta da awo, bari ne kawai. Sigari da shisha da taba gari duk suna ƙuntata jijiya. Wanda ya bari, tun a shekarar farko haɗarin zuciyarsa ya ke fara sauka. Giya ma haka, a nisance ta. A nemi barcin awa 7 ko 8, don rashin barci da yawan damuwa su kan ɗaga sukari da jini gaba ɗaya.

Magani

Ciwon sukari ana riƙe shi ne kamar doki da linzami, in an saki ya zabura. Wanda aka ba ƙwaya ya sha kullum, ko da ya ji garau. Jin garau ɗin aikin maganin ne. Haka maganin hawan jini. Likita ya kan ƙara maganin rage kitsen jini, musamman ga wanda ya kai shekara 40, wannan don zuciya ne. Kada a sha na maƙwabci. In kuɗi ya gaza a gaya wa likita, ya duba mai sauƙin kuɗi. In an ce a koma allura kada a firgita, a ce ajali ya zo. Mutane da yawa sun yi shekaru masu yawa a kanta suna harkokinsu. Insulin ba ya son zafi. Inda babu firiji a sa kwalbar cikin leda a ɗaure, a ajiye a tukunyar ƙasa mai sanyi a inuwa, yadda ruwa ba zai taɓa ta ba.

Ku yi hattara da masu tallar magani a kasuwa da tasha, masu rantsuwa za su raba ku da ciwon cikin kwana bakwai. Mutum ya ajiye ƙwayarsa ya kama jiƙo, bayan wata biyu a kawo shi asibiti ranga-ranga, wani ma ƙodarsa ta taɓu. Duk abin da ku ke sha na gargajiya ku faɗa wa likita.

Ƙafar mai ciwon sukari ta kan mutu da ji, ƙaya ta soke shi bai sani ba. Kada ya yi tafiya ba takalmi. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. In ya yi alwala ya share tsakanin yatsu, ya duba tafin ƙafa ko wane dare, ya shafa mai saboda faso. Da hunturu kada ya kai ƙafa kusa da kaskon wuta. Ko ƙanƙanen miki ne a kai asibiti, kada a kai wa wanzami.

Azumi

Mai niyyar azumi ya ga likita tun watan Rajab ko farkon Sha'aban, a gyara masa lokacin magani. Akwai waɗanda azumi ke da haɗari gare su, kamar mai irin na farko da sukarinsa bai daidaita ba, da mai ciki, da mai ciwon ƙoda ko zuciya. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, ku tambayi malamanku. Wanda aka yardar wa ya jinkirta sahur. In an sha ruwa ya ci dabino ɗaya ko biyu, kada ya haɗa kunu da ƙosai da zoɓo da tuwo a zama ɗaya. Ya riƙa gwada jininsa da rana, wannan ba ya karya azumi. In ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, ko jiki ya ɗauki rawa, ya karya nan take.

Alamun da ba a jira

Uku ne, kowa a gida ya san su. Na ɗaya, sukari ya faɗi ƙwarai, ga mai allura ko mai wasu ƙwayoyi, musamman in bai ci abinci ba. Za ku ga karkarwa da zufa da yunwa da ruɗewa. A dama sukari cokalin shayi 3 ko 4 a ruwa a ba shi, in ya dawo ya ci abinci. In ya suma kada a ɗura masa kome, a kwantar da shi ta gefe a kai shi asibiti.

Na biyu, nauyi a ƙirji kamar an aza buhu, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, da zufa da haki. Mai ciwon sukari wani lokaci ba ya jin zafin, sai haki da kasala farat ɗaya. Na uku, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki, magana ta sarƙe. Mu kan ce iska ce ta buge shi, mu tsaya hayaƙi da shafe-shafe. Jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ka, ko wane minti kuwa fangali yana bushewa. A yi addu'a a cikin mota, a kan hanyar asibiti.

Aikin gida duka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maigida ba zai iya rage gishiri ba in uwargida ba ta sani ba, uwargida kuma ba za ta dafa ganye da wake ba in ba a kawo cefanensu ba. Abincin da muka faɗa ya dace da kowa, saboda haka a dafa tukunya ɗaya, yara su tashi da shi, tun da ciwon yana bin jini. Ɗan da ya iya karatu ya riƙe wa tsohonsa littafin awo, ya karanta masa takardar magani. Masu zuwa biki da suna kuma, in mutum ya ce ba ya shan lemo, kada a matsa masa da "ɗan kurɓa kaɗan."

Ranar 14 ga Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, ranar haihuwar Likita Banting ce, tun 1991 a ke yin ta. Amma kada ku jira ta. A wannan mako kowa ya auna cikinsa da igiya, wanda ya kai 40 ya je a gwada jininsa, uwargida kuma ta rage dunƙule ɗaya a miyar yau. Mako mai zuwa malamin aji zai tambaye ku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya ƙara mana.